Tseren Comrades: Gudun kilomita 89 domin mazan da ba su dawo ba

Masu kallon finafinan Turawa ba za su manta da Chariots of Fire ba, fim ɗin nan na Ingila da ya fito a 1981, wanda ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon fim. Ko wanda bai san labarin ba ya san kiɗan: samari cikin fararen kaya su na gudu a bakin teku, an rage wa hoton sauri, kiɗan Vangelis na tashi a hankali kamar hadarin gabas. Abin da aka fi mantawa shi ne inda labarin ya ɗauko. A 1919 Harold Abrahams ya sauka a tashar jirgin Cambridge, waɗanda su ka tarye shi da ɗaukar kaya tsofaffin sojoji ne da yaƙi ya nakasa. Da daddare a wajen liyafar sababbin ɗalibai, shugaban kwalejin ya na jawabi, kyamara na bin allon sunayen ɗaliban da su ka tafi fagen fama ba su dawo ba. Fim ɗin gudu ne, amma inuwar Yaƙin Duniya na Ɗaya na biye da shi tun daga farko.

To, akwai inda ake sa wannan kiɗa duk shekara a lasifika, kuma ba a silima ba. A Afirka ta Kudu ne, galibi wata Lahadi a cikin Yuni, lokacin da ake tsakiyar sanyi a can. Tun duhun asuba mutum wajen dubu ashirin za su cika titi, kowa da lamba a ƙirji. A yi taken ƙasa, a rera Shosholoza, tsohuwar waƙar ma'aikatan haƙar ma'adinai, sannan a saki kiɗan Vangelis. Sai a ji carar zakara. Ba zakaran gaske ba ne, muryar wani mai gudu ce, Max Trimborn, wanda ya fara yin carar a 1948 saboda zumuɗi, abin ya zama al'ada har aka naɗi muryar sa, ake sakawa bayan ba ya raye. Sannan bindiga ta tashi. Daga nan sai ƙafa, daga Pietermaritzburg zuwa Durban, ko daga Durban zuwa Pietermaritzburg, domin bana a gangara ne, baɗi a haura.

Sunan tseren Comrades, wato abokan fama. Nisan sa na canzawa kaɗan bisa ga hanyar da aka bi, amma ya na kaiwa wajen kilomita 87 zuwa 90. Mai karatu ya kwatanta: ya ɗara tafiyar Kaduna zuwa Zariya, kuma ya fi ninki biyu na gudun famfalaƙin da ake yi a gasar Olamfik. Ga shi ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce. Ta ratsa yankin da ake kira Kwarin Tuddai Dubu, kuma akwai manyan tuddai biyar da kowane mai gudu ya haddace sunayen su kamar na 'ya'yan sa: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga da Polly Shortts. Wanda ya kalli fim ɗin Gandhi na 1982 ya riga ya san ɗaya daga garuruwan biyu, domin a tashar Pietermaritzburg ce aka jefo Gandhi daga jirgin ƙasa a 1893 saboda ya shiga taragon Turawa. Ku riƙe wannan, za ta yi mana amfani nan gaba.

An ƙirƙiro wannan tsere ne domin tunawa da sojojin da su ka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan kowa ya yarda. Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗanne matattu? Tarihin tseren na shekara ɗari da 'yan kai, in ka bi shi a tsanake, rigima ce kan amsar wannan tambaya.

Mutumin da ya kawo shawarar sunan sa Vic Clapham. A Landan aka haife shi a 1886, iyayen sa su ka yi ƙaura da shi zuwa Afirka ta Kudu ya na yaro, ya girma ya zama direban jirgin ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke sai ya shiga rundunar sojan ƙasa ta 8 ta Afirka ta Kudu, aka tura su Gabashin Afirka, ƙasar da a lokacin ke hannun Jamus, wadda yanzu mafi yawan ta ita ce Tanzaniya.

Wannan fagen ba irin na Faransa ba ne inda sojoji ke zaune cikin ramuka shekara da shekaru. A nan tafiya ce. Kwamandan Jamus, Paul von Lettow-Vorbeck, ya san ba shi da ƙarfin cin yaƙi gaba da gaba, domin duk rundunar sa, Jamusawa da askarawan sa baƙaƙe, ba ta taɓa wuce mutum dubu goma sha biyar ba. Sai ya zaɓi ya riƙa kai farmaki ya na janyewa, ya ja abokan gaba su bi shi cikin daji, don ya riƙe masu sojojin da da an kai su Turai. Haka aka yi ta bin sa shekara huɗu. Bai ajiye makami ba sai ranar 25 ga Nuwamba, 1918, a garin Abercorn da ke Zambiya ta yanzu, mako biyu bayan an tsagaita wuta a Turai. A cikin wannan farauta Clapham da abokan sa su ka taka wajen kilomita 2,700 a ƙafa. Harsashi bai kashe su kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da atuni da yunwa su ka kashe su ba. Kafin 1916 ta ƙare, dubban Turawan Afirka ta Kudu an kwashe su an maida gida, jiki ya ƙi. Shi ma Clapham ciwo ne ya maido shi.

Da ya farfaɗo sai ya ce shi fa gunki ko allon dutse bai ishe shi tunawa ba. Abin da ya tsaya masa a rai wahalar tafiyar ce, da yadda wanda ya gaza abokin sa ke kama shi. Don haka ya ke son abin tunawar ya zama mai motsi, wanda duk mai son girmama mamatan sai ya ɗanɗani wani abu daga abin da su ka sha. Ya san ana gasar tafiya daga Landan zuwa Brighton a Ingila, ya ga nisan Pietermaritzburg da Durban ya yi kusan daidai da wancan. Ya kai maganar ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta League of Comrades of the Great War, su ka ce a'a. A 1919 su ka ƙi, a 1920 su ka sake ƙi, su na ganin ko ƙwararren ɗan wasa ba zai iya ba. Hujjar da ya riƙa ba su ita ce, tunda an iya kwaso mutane daga titi, aka rataya masu bindiga da kaya masu nauyin kilo ashirin da bakwai, aka zagaya Afirka da su, ai mai ƙoshin lafiya da ya yi atisaye ba zai kasa wannan ba. A 1921 su ka haƙura, su ka ba shi izinin amfani da sunan su da rancen fam guda. Rance, mai karatu, ba kyauta ba.

Ranar 24 ga Mayu, 1921, wadda ita ce Ranar Daular Ingila, aka yi na farko. Mutum 48 su ka rubuta suna, 34 su ka fito, 16 su ka kai. Hanyar ƙasa ce mai ƙura, ba kwalta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wani manomi, Bill Rowan, shi ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. Da marubucin fim ne ya tsara wannan labari, nan zai tsaya: tsohon soja, taurin kai, fam guda, nasara, a sa kiɗa a rubuta sunayen 'yan wasa. Ni kuwa a gani na nan ne ma labarin ya fara daɗi.

Mu koma dajin Tanzaniya. Da Turawan su Clapham su ka kasa, wa ya karɓi yaƙin? Baƙar fata. Rundunar King's African Rifles ta Gabashin Afirka, da ta Gwalkwas wadda ta iso a tsakiyar 1916, da kuma birged ta Nijeriya mai bataliya huɗu, wadda ta sauka a Darussalam a watan Disamba na 1916. Sojan Nijeriya na wancan zamani, da Hausa ake ba shi umarni, kuma da yawan su daga Arewa aka ɗebo su. Su ne su ka kwana a bakin kogin Rufiji a daminar farkon 1917, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin kawo abinci, yunwa ta yi masu mugun kamu. Su ne kuma aka rutsa da su a Mahiwa a tsakiyar Oktoba na 1917, ɗaya daga mafi munin karo a duk yaƙin Gabashin Afirka, inda ɓangaren Ingila ya yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni cikin kwana huɗu. Wato kakannin wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla sun taka ƙasar da Clapham ya taka, sun sha irin ruwan da ya sha.

Ƙasan sojoji kuma akwai 'yan dako. Ƙudan tsando ya kashe dawaki da shanu da alfadarai, mota ba ta da hanya, don haka duk harsashi da duk buhun shinkafa a kan ɗan Adam aka ɗauke shi. An tara ɗaruruwan dubban mutane, da yawa da ƙarfin tsiya. Ƙiyasin da masana tarihi su ka fi ambata shi ne 'yan dako wajen 95,000 su ka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai. In dai wahalar tafiya a ƙasa ita ce abin da Comrades ke tunawa, to babu wanda ya fi waɗannan cancanta. Amma ko kabarin su ba a yi wa alama ba.

Nan ne abin ke ba ni haushi da finafinan da aka yi kan wannan fage. The African Queen na 1951, da Humphrey Bogart da Katharine Hepburn, fim ne mai kyau, ba na musu. Out of Africa na 1985 ma ya taɓo yaƙin, har Meryl Streep ta ja ayarin kaya ta ratsa daji. Amma a duka biyun baƙar fata kayan ado ne na bayan fage, irin waɗanda darakta ke zubawa don hoto ya cika. Yaƙin da aka yi a ƙasar su, da kawunan su, an maida shi filin soyayyar baƙi.

Su ma baƙaƙen Afirka ta Kudu sun je yaƙin, sai dai gwamnatin su ta hana a ba su bindiga, don tsoron kada baƙi ya saba da harbin Bature. Aikin ƙarfi aka kai su, a Gabashin Afirka da Faransa. A nan ne labarin jirgin ruwan nan Mendi ya shigo, kuma abin mamaki ya biyo ta gidan mu. Jirgin kamfanin Elder Dempster ne mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. A 1916 aka gyara shi a Legas ya zama na ɗaukar soja, ya kai sojojin Nijeriya Darussalam, sannan ya wuce Cape Town ya ɗauki leburorin yaƙi sama da 800 zuwa Faransa. Da asubahin 21 ga Fabrairu, 1917, cikin hazo, kusa da gaɓar Ingila, wani jirgi mai suna Darro da ya fi shi girma nesa ba kusa ba ya banke shi. Cikin ƙasa da rabin awa Mendi ya nutse. Darro bai tsaya ceto ba. Mutum 646 su ka halaka, 607 daga cikin su baƙaƙen leburori ne. Waɗanda su ka tsira daga yaƙin su ka koma gida, gwamnatin ƙasar su ta hana a ba su ko lambar yabon da aka raba wa kowa.

To ka ji ƙasar da aka haifi Comrades a cikin ta. Ba na cewa Clapham mugu ne. Mutumin zamanin sa ne, kuma da ya ce abokan fama, fuskokin da ya gani a zuciyar sa na 'yan tantin sa ne. Amma sakamakon ɗaya ne: shekara 54 tseren na Turawa ne, kuma maza zalla.

Waɗanda aka hana ba su zauna ba. Tun a 1923 wata mace, Frances Hayward, ta nemi shiga aka ƙi, ta bi sahu ba da lamba ba, ta kai cikin awa 11 da minti 35, wato cikin wa'adin da aka ba maza. Ba ta samu lambar yabo ba. A 1935 wani saurayi baƙar fata, Robert Mtshali, ya yi irin haka, ya gama cikin awa 9 da rabi. Shi ma babu sunan sa a jerin waɗanda su ka kammala. Ka yi tunanin wannan fitowa a fim: mutum ya yi gudun kusan kilomita casa'in tare da jama'a, ya sha ƙurar da su ka sha, ya haye tuddan da su ka haye, ya iso, mai rajista ya ɗauke kai. Ba sai an sa kiɗa ba.

A waɗannan shekaru tseren ƙaramin abu ne, mutum 'yan gomomi. Gwarzon sa na farko Arthur Newton ne, wani manomi haifaffen Ingila da ya fara gudu ya na dab da shekara arba'in, ya ci sau biyar tsakanin 1922 da 1927. Abin dariya, ba tunawa da mamata ya kawo shi ba. Rigimar gona ya ke yi da gwamnati da maƙwabtan sa baƙaƙe, ya ga in ya yi suna a gudu jaridu za su saurari kukan sa. Har yau akwai wani ɗan lungu a gefen hanya kusa da Drummond, tsakiyar tafiyar, da ake ce wa kujerar Arthur, inda masu gudu ke ajiye fure su gaishe shi, wai don rabi na biyu ya zo da sauƙi. Bayan sa sai Wally Hayward, wanda ya ci a 1930 ya na saurayi, ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo, ya sake ci sau huɗu a farkon shekarun 1950. Daga 1941 zuwa 1945 ba a yi tseren ba, domin masu gudun su na can su na ƙara yawan waɗanda za a tuna.

In ka na son ka gane wa ake tunawa a kowane zamani, dubi ranar da ake yin tseren. Da fari Ranar Daula ce. Daga 1962 zuwa 1994 ya zama na Ranar Jamhuriya, 31 ga Mayu, ranar da gwamnatin wariyar launin fata ke bikin kan ta. Da mulki ya canza, aka maida shi 16 ga Yuni, Ranar Matasa, wadda ake tunawa da ɗaliban Soweto da 'yan sanda su ka harbe a 1976. Nan ma ba a zauna lafiya ba, domin reshen matasa na jam'iyyar ANC ya yi ƙorafin cewa gudun na shafe darajar ranar, har a 2007 aka ɗauke shi aka maida Lahadi. Hanya ɗaya, tuddai ɗaya, amma kowace gwamnati ta so ta rataya nata matattun a wuyan masu gudun.

A 1975, da aka zo yin karo na hamsin, aka buɗe ƙofa ga mata da baƙar fata. Ba don zuciya ta yi laushi kaɗai ba. Duniya ta juya wa Afirka ta Kudu baya a harkar wasanni, an kore ta daga Olamfik, ana neman abin da za a nuna wa waje. Ko ma mene ne dalilin, a shekarar Vincent Rakabaele ɗan ƙasar Lesoto ya zo na 20, ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar yabo a hukumance. Lura fa, wannan shekara goma sha tara ne kafin baƙi su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Mutumin da doka ta hana ya shiga taragon Bature ko ya zauna kan bencin sa, ga shi ranar tsere su na shan ruwa a teburi ɗaya, wani lokaci ma ɗaya na riƙe da kafaɗar ɗaya. Kwana ɗaya ne a shekara, gobe kowa ya koma matsayin sa. Amma talbijin, wadda sai 1976 ta shigo ƙasar, ta riƙa kai wannan hoto cikin ɗakunan mutane.

Sai 1981, shekarar da Chariots of Fire ya fito. Gwamnati ta cusa tseren cikin bukukuwan cikar jamhuriya shekara ashirin. Wasu ɗalibai su ka ce a ƙaurace. Wani ɗalibin jami'ar Wits, Bruce Fordyce, farar fata, siriri mai farin gashi, ya zaɓi ya yi gudun amma da baƙin ƙyalle ɗaure a damtse. Aka yi masa ihu, aka jefe shi da tumatir. Ya ci tseren. Ya kuma ci na shekara bakwai da su ka biyo baya a jere, ya ƙara na tara a 1990. Baƙin ƙyalle alamar makoki ce, kuma a gani na tun zamanin Clapham ba a yi abin da ya dace da asalin tseren kamar wannan ba, duk da waɗanda su ka yi jifar su na ganin shi ne ya ɓata taro.

Shekarar da na fi so a ba ni in rubuta fim a kan ta ita ce 1989. Fordyce bai shiga ba. Sam Tshabalala ya zo na ɗaya, baƙar fata na farko da ya ci Comrades, shekara 54 bayan Mtshali, watanni kaɗan kafin a saki Mandela. A ranar dai wata malamar makaranta, Frith van der Merwe, ta gama cikin awa 5 da minti 54, ta zo ta 15 a cikin kowa da kowa, maza da mata. Sai a 2023 Gerda Steyn ta karya wannan tarihi. Can kuma a ƙarshen rana, ana dab da rufewa, sai ga tsoho Wally Hayward, shekarar sa 80, ya na tangaɗi, ya tsallaka layi saura ƙasa da minti biyu. Taurari uku, labari uku, rana ɗaya. Da a fim ɗin Indiya ka gan shi sai ka ce darakta ya cika zuzutawa.

Maganar rufewa, ita ce fitowar da ta fi kowace tsuma zuciya, kuma ita ce ta fi kama da yaƙi. Wa'adin awa 12 ne tun 2003. Kafin nan an daɗe ana yin awa 11. In lokaci ya kusa, wani jami'i zai tsaya a kan layi, ya juya wa masu tahowa baya, don kada tausayi ya sa hannun sa ya yi nauyi. Jama'a na ƙirga daƙiƙoƙi da ƙarfi. A bayan sa mutane na rarrafe, wasu an ɗauko su kamar buhu, mutum biyu ko huɗu da ba su taɓa sanin juna ba sun kinkimo na biyar, alhali sun san hakan na iya jawo su ma su rasa. Bindiga ta tashi, a tare hanya. Wanda ya rage taku ɗaya bai samu komai ba, ko sunan sa ba za a rubuta ba. Sannan mai begila ya busa Last Post, busar da sojan Ingila ke yi wa mamatan su. A duk tsawon ranar, nan ne kaɗai ake jin ƙamshin 1921 sosai.

Domin gaskiya, in ka tare masu gudun yau ka tambaye su Mahiwa ko Rufiji, da wuya ka samu mai amsawa. Wani don lafiyar jiki ya zo, wani don mahaifin sa da ya rasu, wani don kuɗin gasa, wasu daga Indiya da Birazil da Ingila don su ce su ma sun yi. A 2000 kusan mutum 24,000 su ka yi rajista. Akwai masu ganin wannan ya nuna manufar Clapham ta ɓace cikin tallar kamfanoni. Ni ban tafi nan ba. Allunan dutse da aka kafa a shekarun 1920 su na nan, tantabaru ne abokan hirar su. Nasa abin tunawar kuwa, in ban da shekarun yaƙi da 2020 da 2021 na annobar korona, bai taɓa fashi ba, kuma abin da ya ce ya gani a daji, wato gajiyayye ya ɗauki wanda ya fi shi gajiya, ana sake yin sa duk shekara a gaban kyamara ba tare da an ba kowa umarni ba.

Su kuwa matattun da aka tsallake, lissafin su ya zo a makare ƙwarai. A 2016, wajen cikar shekara ɗari da yaƙin dajin Delville a Faransa, inda Turawan Afirka ta Kudu su ka yi babbar asara, aka ƙara bango mai ɗauke da sunayen mamatan ƙasar ba tare da bambancin launi ba. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, galibin su 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayen su ba ko ba a tuna da su sam, kuma wariya ce ta jawo. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. A Janairun 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a Cape Town, turaku na itacen iroko, ɗauke da sunayen leburorin yaƙi sama da 1,700. Mu a Nijeriya ranar 15 ga Janairu mu ke tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru, amma ban ga ana ambaton waɗanda su ka kwanta a Mahiwa ba, kuma har yau masana'antar mu ta fim ba ta waiwaye su ba.

Tseren shi ma ya biya nasa bashin da irin kuɗin sa, wato lambobin yabo. Kowane rukunin lokaci da lambar sa. Wanda ya gama tsakanin awa 7 da rabi zuwa 9 ya na samun ta Bill Rowan. Ta Vic Clapham, ta jan ƙarfe, ita ce ta 'yan ƙarshe, masu isowa tsakanin awa 11 da 12. A 2019 aka ƙirƙiro sabuwa domin masu gamawa tsakanin awa 9 da 10, aka sa mata sunan Robert Mtshali. A 2023 wani dattijo baƙar fata daga lardin Limpopo, Johannes Mosehla, mai shekara 81, ya karɓe tarihin Wally Hayward na wanda ya fi kowa tsufa da ya kammala. Ya iso Durban cikin awa 9 da minti 26, aka rataya masa lambar Mtshali.